Akun Abubakar Imam Ɓarawo Ne?

Ya kai mai karatu, in ka taɓa zama ajin yaƙi da jahilci, ko ka yi lakwal inda ake karanta Hausa, da wuya a ce ba ka san Magana Jari Ce ba. Ko ba ka riƙe littafin da hannunka ba, ka ji ana karanta shi a radiyo, ko ka ji wani dattijo yana ba da labarin Waziri Aku a bakin kasuwa kamar a gabansa aka yi. To, akwai wata magana da ke yawo a bakin samarin da suka yi karatu mai zurfi. Suna cewa Alhaji Abubakar Imam ba shi ya ƙago labaran nan ba, wai kwaso su ya yi daga littattafan Turawa da na Larabawa, ya sa musu riga da hula. Waɗansu har sukan kira abin sata. Rabin maganarsu gaskiya ne, kuma ya kamata ka san wane rabi ne, don abin ya shafi takardar da za a ba ka ka karanta gobe a aji.

Ga yadda aka yi. A shekarar 1933 Rupert East, Baturen da ke shugabancin ofishin fassara na Zariya, ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausar boko. Imam a lokacin malami ne a makarantar Midil ta Katsina, shekararsa 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. East ya ga yaron yana da baki. A 1936 ya nemi a ba shi aronsa ya zo Zariya, ya tara masa littattafai a gaba: Alfu Laila wa Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin da waɗansu ƴan'uwa biyu na ƙasar Jamus masu suna Grimm suka tara, da waɗansu irinsu. Imam ya yi wata shida yana karantawa yana rubutu. Abin da ya fito shi ne littattafai uku na Magana Jari Ce, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Shi kansa bai ɓoye wannan ba. Ya faɗa a cikin tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a 1989, bayan rasuwarsa a 1981. Kun ga ke nan samarin ba wani asiri suka tono ba.

Amma a ce an ɗauko labari daga wuri kaza, wannan bai gaya mana kome ba tukuna. Sai mun ajiye na asali da na Imam kusa da juna, mun duba abin da hannunsa ya taɓa.

Ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. A wurin Grimm, wata kuku ce mai suna Gretel, tana aiki gidan wani mai hali. Maigidan ya ce ta gasa kaji biyu, zai yi baƙo. Baƙo ya yi jinkiri, ita kuwa tana kurɓar giya tana ɗanɗana naman, har ta cinye kajin ƙaf. Da baƙo ya iso sai ta tare shi a ƙofa, ta ce ya gudu, maigida kunnuwansa biyu yake so ya yanke, ga shi can yana wasa wuƙa. Ta koma wurin maigida ta ce baƙo ya sure kajin ya arce. Maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda, watau kaza, shi kuwa baƙo yana zaton kunne ake nufi, sai ya ƙara mai. Ƙashin bayan labarin ke nan, kuma Imam bai karya shi ba: kaji na nan, wuƙa na nan, gudu na nan. Sai dai ya kori kuku, ya sa matar aure a gurbinta. Wannan sauyi ɗaya ya juya labarin gaba ɗaya. Kuku in ta yi ɓarna, a sallame ta a ɗauki wata. Mata da miji kuwa a ɗaki guda za su kwana daren nan, kuma gobe ita za ta sake ɗora tukunya. Bayan haka, Bajamushe abin da ya rasa kaji ne, amma Bahaushe da ya kira baƙo gidansa aka rasa abin ba shi, mutuncinsa ne ya zube a gaban gari. Shi ya sa in an karanta labarin a ajin mata, dariyar da ake yi ba ta kuku ba ce, kowace tana tuna wani maigida da ta sani mai gayyato mutane ba tare da ya leƙa madafa ba. Grimm ba su rubuta wannan dariya ba.

Haka kuma akun kansa. A ƙasar Indiya akwai tsohon littafi na labarai saba'in na wani aku, wanda aka juya zuwa Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. A can, matar wani falke ce take so ta fita wurin kwartonta kowane dare, aku yana tsare ta da labari har gari ya waye. Imam ya ɗauki dabarar, ya zubar da kwarto. Ya kawo ɗan sarki, Musa, wanda ke ɗokin ya bi rundunar yaƙi, da mugun waziri da ya haƙa masa rami a waje yana jiran ya fito. Kowane dare aku yana sayen ran yaron nan da bakinsa. Labarin tsaron mace ya koma labarin gadon sarauta da makircin fada, abin da kowane talaka na Katsina ko na Ƙonni ya sani tun yana goye. Kuma daga nan ne sunan littafin ya sami ma'anarsa, don tsuntsun da ba shi da takobi ba shi da doki, bakinsa ya kai shi ga rawanin waziri.

Ni a ganina wanda ya iya wannan ya ci a kira aikin nasa. Masaƙi ba shi ya shuka auduga ba, amma ba wanda zai ce zanen na manomi ne. Su Grimm ɗin ma ba su ƙaga ba. Daga bakin mutane suka ji, yawancinsu mata, suka buga kashi na farko a 1812. Kalila wa Dimna kuwa Ibn Muƙaffa ya juyo shi zuwa Larabci daga Farisanci a ƙarni na 8, Farisawa kuma daga Indiya suka samo. In aro sata ne, to layin ɓarayin ya yi tsawo, kuma ba mu san wa za a kai ƙara ba.

Duk da haka akwai inda nake ganin littafin ya gaza, kuma ba zan rufe ba don girman mai shi. Ka buɗe kowane labari, ba za ka ga an rubuta a ƙarƙashinsa cewa daga wuri kaza aka ɗauko tushensa ba. Wani zai ce ai littafin hira ne na ƴan makaranta, wa ya damu? Ni na damu, don malamanmu na da ba haka suka yi ba, kuma ba sai mun je nesa neman shaida ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, nan kusa da Galmi, kakanninsa kuma sun daɗe zaune a ƙasar Ƙonni. Shi da almajiransa da ɗiyansa ba su taɓa hana kowa kwafar rubutunsu ba. Almajiri ya sami takarda da tawada, ya kwafa, ya ba wani ya kwafa, har littafi ya kai Agadas ko Borno ba a biya kowa ko wuri ɗaya ba. Har ma suna da wata fasaha da ake kira tahamisi: ka ɗauki waƙar wani mai layi biyu-biyu, ka ƙara layi uku naka a kan kowane baiti, ya zama biyar. Waƙar nan da aka sani da Tabbat Haƙiƙa, Shehu ya yi ta da Fillanci, ɗiyarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma har yau an san abin da kowane hannu ya yi. Mawaƙi yakan sa sunansa a baitocin ƙarshe, ya ɓoye shekarar cikin haruffa na ramzi, mai kwafa kuma ya rubuta nasa sunan a ƙasa ya roƙi addu'a. Ɗauka halal ce a wurinsu. Abin kunya shi ne ka goge sunan wanda ka ɗauka a wurinsa. Da East da Imam sun bi wannan hanya, ko da shafi ɗaya ne a bayan littafi, da yau ba wani saurayi da zai tsaya yana ganin ya kama ɓarawo.

To, yanzu juyo da maganar ta ɗaya gefen, inda take cizonmu.

Lokacin da Imam ya zauna a Zariya, ba wanda ya nemi izininsa. Wilhelm Grimm ya mutu a 1859, wansa Jacob a 1863, sauran kuwa sun fi haka daɗewa a ƙasa. Kayansu sun zama na kowa, kamar ruwan gulbi. Amma littafin da aka gina da wannan ruwa na kowa, shi yana da mai shi. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar ta shiga a 1962, ta ce a tsare wa marubuci haƙƙinsa muddin ransa, da shekara 50 aƙalla bayan mutuwarsa. Dokar Najeriya ta kai abin shekara 70. In aka bi wannan lissafi daga 1981, sai ƙarshen 2051 Magana Jari Ce zai fita daga kulle, shekara 115 ke nan bayan rubuta shi. Wanda ya shiga ajinmu bana yana da shekara 40, in Allah ya ja kwanansa, zai zama tsoho mai sanda kafin ranar.

Kana iya cewa, to mene ne? A sayi littafin mana, kamfanin NNPC na Zariya ai yana buga shi. Gaskiya ne, kuma wanda ya sami hali ya saya, ya fi. Amma duk malamin da ya taɓa koyar da manya ya san inda gizo ke saƙa. Mutumin da ya gama watanninsa na farko a aji, ya san baƙi da wasali, yana haɗa kalma da ƙyar yana bin ta da yatsa, ba zai iya shafin Imam ba. Rubutun ƙanana ne, jimlolin dogaye, labari ɗaya ya ci shafi da yawa. Abin da yake bukata shi ne labarin nan a taƙaice, da manyan haruffa, da ƙa'idar rubutunmu ta Nijar, a cire kalmomin da ba a ji a Adar da Ƙonni a sa waɗanda ake ji. In bai sami abin karantawa ba cikin watannin da ke biye, damina ɗaya ta isa ta wanke abin da ya koya. Mun sha ganin haka a ƙauyukan Illela da Malbaza: mutum ya karɓi takardar shaida da murna, shekara ta kewayo ya dawo bai iya karanta sunan da ke jikinta ba. Wanda ya kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960 ya san da wannan, shi ya sa aka yi ta buga ƙananan jaridu irin su Ganga da Sabon Ra'ayi na Madawa, don wanda ya koya ya sami abin ɗora ido.

To, taƙaitawa da sauya kalmomi da sake bugawa, a idon doka sarrafa aikin wani ne, kuma ba a yin sa sai da izinin mai haƙƙi. Watau abin da Imam ya yi wa Grimm, mu ba mu da ikon yi wa Imam. Doka ta bar mana ƴar ƙofa, ba a ce ba ta bari ba. Yarjejeniyar Berne ta yarda ƙasashe su ƙyale malami ya ɗauki wani yanki na littafi don misali a wurin koyarwa, in bai wuce kima ba, kuma in ya ambaci sunan mai shi. Saboda haka malamin da ya kai shafi biyu wurin mai fotokopi a Ƙonni ya raba wa ajinsa, ba shi ne abin nema ba. Amma ƙaramin littafi mai manyan haruffa da za a buga dubu a raba daga Tsarnawa zuwa Bagga, wannan ba ya wucewa ta ƴar ƙofar nan. Kuma bukatar ƙaruwa take yi, tun da a watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Harshen ƙasa kuwa da ba shi da abin karantawa a hannun sabon mai karatu, suna ne kawai.

Kada ka zaci ina cewa a kwance wa kowa igiya. A cikin Magana Jari Ce ɗin nan akwai labarin Sarkin Busa, wanda tushensa tsohon labari ne na garin Hamelin a Jamus. Ɓeraye suka addabi gari, mai busa ya zo aka yi ciniki, ya busa suka bi shi suka halaka, da aka ga an huta sai aka hana shi ladansa. Ya sake busa, wannan karon yaran garin suka bi shi. Dubi abin mamaki: labarin da Imam ya aro, shi kansa labarin mai fasaha ne da aka ci wa gumi. Kuma in kana so ka ga jikokin mutanen garin nan, je kasuwar Ƙonni ran Laraba, ka tsaya wurin masu tura waƙa a waya. Ka miƙa katinka da ƴan canji, a cika maka shi da waƙoƙi da finafinai har ya ƙi ɗauka. Mai turawa ya sami na tuwo, kai ka sami na hira, wanda ya yi waƙar ko ƙwandala ba ta kai gare shi ba.

A zamanin su Narambaɗa wannan ba damuwa ba ce. Makaɗin fada sarkinsa ke riƙe da shi, doki da riga da hatsi a fili ake ba shi. Ɗan Anace a dandalin dambe ake yi masa kari. In wani ya rera waƙarsu a wani gari, suna ya ƙara musu, gobe a kira su biki. Amma yaron da ya ci bashi ya shiga ɗakin ɗaukar murya, ko mai shirya fim da ya biya ƴan wasa da mai kyamara, ba shi da sarki. Faifan shi ne gonarsa. Kasuwar faifan fim ta Ƙofar Wambai a Kano, wadda ta ciyar da dubban mutane, cikin shekarun 2010 ta durƙushe, kuma masu kwafa da masu turawa suna cikin manyan abin da ya kayar da ita. Masu fim da yawa sai suka koma YouTube. Sai dai in za a faɗi gaskiya duka, ita ma wannan sana'a ta sha aron labari da karin waƙa daga finafinan Indiya ba tare da ta yi sallama ba. Wanda ke kukan an shiga gonarsa, wani lokaci in ka duba buhunsa za ka ga hatsin maƙwabci.

Akwai wani ɗan jiharmu ta Tawa da labarinsa ya haɗa gefen biyu, har ya hana ni yanke hukunci da sauri. Mdou Moctar, Buzu ne mai kaɗa gita daga arewa, wajen Abalak da Cintabaradan. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Ba wani kamfani da ya sayar da su. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya, har suka kai arewacin Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su, ya yi ta cigiyar mai su har ya same shi, ya sa waƙarsa cikin wani faifai da ya fitar a 2011 na waƙoƙin da ya tsinta a wayoyin mutanen Sahara, ya kuma biya shi rabonsa. Yau Mdou Moctar yana wasa a manyan biranen Turai da Amurka. Da an tsare waƙoƙin nan da kulle tun farko, da wataƙila ba su wuce Tawa ba. Masu turawa, waɗanda na gama zargi yanzu, su suka yi masa talla kyauta. Amma lura da abin da ya kusa hana shi cin moriyar: wahalar da aka sha kafin a gano wane ne shi da inda yake. Waƙa in ta bi hannu goma, sunan mai ita yakan faɗi a hanya, ta koma lamba kawai a cikin kati. Kuma don ka ga layin aro ba ya ƙarewa, a 2015 shi da Kirkley suka yi fim a Agadas da harshen Tamajak, wanda suka gina a kan fim ɗin mawaƙin Amurka Prince mai suna Purple Rain na 1984, kuma suka faɗa a fili cewa a kansa suka gina.

Ƙasarmu ba ta rasa doka ba. An yi ta farko a 1993, aka kafa ofishin kula da haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai a 1995, aka sake sabuwar doka a 2010. Dokokin nan ba su tsaya ga littafi da waƙar mai suna ba, sun haɗa har da kayan gargajiya, watau tatsuniya da kirari da kiɗan da ba a san wanda ya fara su ba. Manufar ita ce kada baƙo ya zo ya kwashe ya je ya yi kasuwa da su, masu abin suna kallo. Niyya mai kyau ce. Sai dai ni takan ba ni tsoro kaɗan, don tsohuwar da ke yi wa jikokinta Gizo da Ƙoƙi a Dogerawa ba ta san an naɗa mata wakili a Yamai ba, kuma ban ga ta wace hanya ladan zai gangaro ya iske ta ba.

Manoman albasa sun fi mu marubuta sanin wannan magana, don ta taɓa su a jika. A shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya kai takarda ofishin OAPI a Yawunde, ƙungiyar da yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, yana neman a rubuta masa irin jar albasar Galmi a matsayin nasa. Irin da kakannin mutanen Galmi suka yi shekara da shekaru suna zaɓa suna ajiyewa! Manoma da hukumomin Nijar suka tashi, kamfanin bai sami sunan ba. Daga baya OAPI ta rubuta albasar Galmi, tare da kilishin Nijar, cikin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Abin da ya burge ni a nan shi ne irin tsaron da aka zaɓa. Ba a hana manomin Burkina ko na Sakkwato shuka albasa ba. An dai hana a ɗauki sunan a liƙa wa abin da ba shi ba, an kuma hana mutum ɗaya ya kulle abin jama'a a aljihunsa. Wannan ya fi kusa da hanyar malaman Maratta fiye da kullen shekara 70.

Waɗansu marubuta a duniya sun soma bin irin wannan hanya da kansu. Akwai wata takardar izini da ake kira Creative Commons, wadda marubuci ke liƙa wa aikinsa tun farko, ya ce kowa ya kwafa, ya fassara, ya taƙaita, da sharaɗin a bar sunansa, wani kuma ya ƙara da cewa ban da sayarwa. African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna da littattafai na Hausa a intanet a kan wannan sharaɗi, kuma malami yana iya sauke su ya buga ba tare da fargaba ba. Na gwada su a aji. Aibinsu ɗaya: don yara aka yi su. Magidanci mai mata biyu da garken awaki, wanda ya yini yana ban ruwa a fadama, ka ba shi labarin ɗan zomo da ya ɓata a hanyar lakwal, zai karanta don kunyarka, gobe ba zai dawo ba. Kalalatu yake so, da makircin waziri.

Saboda haka abu biyu nake nema, kuma na farkon ba a hannunmu yake ba. Ya kamata ma'aikatarmu ta rubuta wa masu haƙƙin littafin a Zariya, ta nemi izinin fitar da zaɓaɓɓun labarai a taƙaice da manyan haruffa don azuzuwan manya, da sunan Imam a bango, a kan kuɗin da aka daidaita. Ban ga hasarar da za su yi ba, don wanda ya ɗanɗana taƙaitaccen shi ne zai je ya nemi cikakken, kuma mutumin da bai iya karatu ba ba ya sayen littafin kowa.

Na biyun kuwa ba ya bukatar tambarin kowa. Rijiyar da Imam ya ɗebo ruwa tana nan a buɗe. Gretel ba ta da mai ita, haka akun Indiya, haka dilolin Kalila wa Dimna, haka mai busar Hamelin. Kalmomin Imam da sunayen mutanensa nasa ne, mu bar masa. Amma kai malamin aji a Illela, ko ke da kika gama koyo bara a Malbaza kina da bakin ba da labari, ba abin da ya hana ku ɗauki kukun nan ta Jamus ku zaunar da ita a gidan wani dillalin albasa a Galmi, ku sa zabbi biyu a madadin kaji, baƙon kuma ya zama direban babbar mota da ya zo lodi daga Abijan. Ku rubuta shi a shafi biyu, jimla gajera, ku aiko wa wannan mujalla. A ƙasan shafin ku sa sunanku da garinku, a ƙarƙashinsa kuma layi ɗaya: tushen labarin daga Grimm, ƙasar Jamus.